AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: An Taɓa Inji, Fitilar Santsi Ta Kama, Mene Ne Haɗinsu?

 

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Birnin Kudu a Jihar Jigawa. Mai wasiƙar ya ce shi manomi ne, kuma yana taɓa fataucin riɗi da gyaɗa, yana cin kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram da sauran kasuwannin ƙauye. Ya ce yana da mota Toyota Sienna 'yar Kwatano. Da tsadar mai ta ishe shi, sai ya kai ta wurin wani bakanike, aka yanke salansa aka cire abin nan da kanikawa ke kira indomi, aka kuma jona mata kwamfuta aka sake saitin inji, wai don ta rage shan mai ta ƙara ja. Tun daga ranar, in ji shi, fitila biyu suka kama a gaban sitiyari suka ƙi mutuwa: ɗaya mai hoton inji, ɗaya mai haruffan VSC. Bakaniken ya ce masa ba komai ba ne, in ma hasken ya dame shi a liƙe shi da salatif. Ana nan sai ran nan aka yi ruwa, yana kan hanyar Gwaram da lodi, ya shiga wata kwana, bayan motar ya fizge ta nufi gefen titi, Allah dai ya kiyaye. Shi ne yake tambaya, mene ne haɗin inji da waccan fitila, kuma ko akwai haɗari in ya ci gaba da tuƙi a haka?

Akwai kuma wata wasiƙa makamanciyarta daga wani direban haya a Gwaram, wanda ya ce tun da aka mayar da motarsa mai amfani da gas irin wannan fitila take kama masa jefi-jefi. Za mu haɗa su mu amsa gaba ɗaya.

To Malam, da farko muna yi maka barka da arziki. Amsar a taƙaice ita ce, akwai haɗi, haɗi ma babba. Waccan fitila ba ado ba ce. Amma bari mu ɗauko zancen daga tushe don kowa ya fahimta.

ME KE JAWO SANTSI?

Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a jikinta wuri huɗu ne kacal, kowanne bai fi faɗin tafin hannunka ba. Da wannan ɗan riƙo ne take tashi, da shi take tsayawa, da shi take shan kwana. Kuma riƙon yana da iyaka, kamar kuɗin cefane ne: abin da ka kashe wajen taka totur ko birki, ya ragu daga abin da za ka sha kwana da shi. In aka yi ruwa, ko yashi ya hau kwalta, ko kana kan burji, sai kuɗin cefanen nan ya ƙara raguwa.

Idan riƙo ya ƙare, ɗayan abu biyu ke faruwa. Ko dai ka karya sitiyari amma kan motar ya ƙi bi, ta miƙe ta nufi daji. Ko kuwa gaban ya bi kwana amma bayan ya fizge waje, motar ta nemi juyowa ta kalli inda ta fito. Wannan na biyun shi ne ya same ka.

Yanzu ka tuna huɗa da shanu. Kowane manomi ya san in ya ja igiyar san da ke dama ya rage masa tafiya, garma dama za ta karkata. To haka mota take. In aka danne taya ɗaya kawai da birki, motar za ta karkata ta wannan ɓangaren. Matsalar ita ce, direba birki ɗaya gare shi, in ya taka duk tayoyi huɗu ne ke kamawa. Ba direban da zai iya zaɓar taya ɗaya ya danne, komai gwanintarsa. Na'urar da muke magana a kanta ita ce ke iya wannan. In kan mota ya ƙi bin kwana, sai ta danne tayar baya ta cikin kwana. In baya ne ya fizge, sai ta danne tayar gaba ta wajen kwana. Tana yi tana saki cikin ƙiftawar ido, har motar ta dawo kan layin da sitiyari ya nuna.

Kowane kamfani da sunan da ya ba ta. Toyota na kiranta VSC, Honda na cewa VSA, Nissan na cewa VDC, BMW na cewa DSC, su kuwa Mercedes da Volkswagen da Peugeot suna cewa ESP. A wasu motocin ba rubutu, sai hoton 'yar mota da layi biyu masu lanƙwasa a bayanta kamar sawun maciji. Duk abu ɗaya ne. Mu a nan za mu kira ta na'urar hana santsi.

ASALINTA

Tushenta shi ne birkin ABS, wanda ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a motocin Mercedes a 1978. A 1995 sai Bosch da Mercedes suka ɗora na'urar hana santsi a kansa, a shekarar kuma Toyota ta fito da tata a Japan. Da farko sai a motocin masu hannu da shuni ake samunta.

Abin da ya sa ta bazu ya faru ne a 1997 a ƙasar Suwidin. 'Yan jaridar wata mujallar motoci suna gwada sabuwar ƙaramar Mercedes da ake kira A-Class, irin gwajin nan na kauce wa dabba in ta faɗo titi ba zato, kamar yadda saniya ko akuya ke faɗo wa direba a hanyar Babaldu. Ana karya sitiyari hagu da dama sai motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya gyara ƙafafunta, ya kuma sa wa kowacce wannan na'ura. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu.

A 2007 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa na'urar tana rage haɗarin da mota ke yi ita kaɗai, wato faɗawa daji ko kifewa, da kashi 34 cikin 100 a ƙananan motoci, da kashi 59 cikin 100 a manyan motocin jif. Saboda haka Amurka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga watan Nuwamba na 2014. Tun da yawancin motocinmu daga can suke zuwa, ka ga kenan da yawa daga cikinmu mun sayi wannan kariya da kuɗinmu ba mu ma san muna da ita ba.

YADDA TAKE GANI DA JI

Na'urar tana da 'yan rahoto, waɗanda kanikawa ke kira sensa. Akwai guda a kowace taya mai ƙirga saurin juyawarta. Akwai guda a jikin sitiyari mai faɗin inda direba yake son zuwa. Akwai kuma wata a tsakiyar mota mai jin yadda jikin motar ke juyawa da yadda kwana ke tura ta gefe. Kusan sau 25 a cikin daƙiƙa guda take kwatanta abu biyu: ina direba ya nufa, ina kuma mota ta nufa? Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Wato kusan kowace mita guda sai ta duba. In ta ga sun saɓa, sai ta sa hannu.

To a nan ne amsar tambayarka take, Malam. Hannun da take sawa guda biyu ne. Na farko birki, wanda muka yi bayani. Na biyu kuwa inji ne. Ai ba ya yiwuwa a riƙa danne taya da birki alhali inji yana tura ta da dukkan ƙarfinsa, sai ya zama ana tufka ana warwara. Saboda haka dole na'urar ta yi magana da kwamfutar inji, wadda kanikawa ke kira biren bos, mu kuma mu ce ƙwaƙwalwar inji.

Akwai wayoyi biyu a nannaɗe da juna da suka haɗa kwamfutocin cikin mota, ta nan suke aika wa juna saƙo ba dare ba rana. Ƙwaƙwalwar inji kullum tana faɗin, ga yawan ƙarfin da nake bayarwa yanzu, ga kuma yadda direba ya taka totur. Wannan ƙarfi ba awo take yi masa kai tsaye ba, lissafa shi take yi daga yawan iskar da ta shiga, da man da nozul suka fesa, da lokacin da fulogi ya ba da wuta. Idan santsi ya zo, na'urar hana santsi sai ta aika da umarni: rage ƙarfi zuwa kaza. Nan take ƙwaƙwalwar inji za ta jinkirta wutar fulogi, wanda shi ya fi sauri, ko ta hana wasu nozul mai, ko ta rufe ƙofar iska ko da ƙafarka tana kan totur. Shi ya sa wani lokaci a kan taɓo za ka taka amma ka ji mota ta yi sanyi, fitilar tana ƙyaftawa. Ba lalacewa ba ce, aiki ake yi. A motoci da yawa ma akwai akasin haka: in ka sauke giya da gaggawa a wuri mai santsi, inji ya nemi riƙe tayoyi, na'urar kan nemi a ƙara ɗan ƙarfi kaɗan don tayoyin su ci gaba da juyawa.

SAITIN JIYA DA NA YAU

A zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, saitin inji aikin sukurdireba ne da kunne. Bakanike ya juya kafireto ya daidaita silo, ya murɗa distirbuta ya gyara taimin, shi ke nan. Abin da ya taɓa bai shafi birki ba ko kaɗan, don ba kwamfutar da ta haɗa su. Haka ma masu Golf 3, waɗanda suka cika tashoshinmu, ba su da wannan na'ura sam. Su na'urarsu ita ce ƙafar direba da hankalinsa.

A motar yau kuwa, taimin da yawan mai da buɗewar ƙofar iska duk lambobi ne a rubuce cikin ƙwaƙwalwar inji. Wanda ya sake su bai taɓa inji kaɗai ba, ya taɓa maganar da inji ke yi da birki. Ɓarnar tana zuwa ta hanya huɗu.

Hanya ta farko, inji ya koma yin ƙarya. A ce an ƙara masa ƙarfi, amma ba a gyara lissafin da yake aikawa ba. Yana ba da mudu goma, yana cewa takwas yake bayarwa. Na'urar hana santsi za ta yi lissafinta a kan takwas, ta nemi ragin da bai isa ba, taya ta ci gaba da zamewa, sai ta dawo ta sake nema. Wannan ɗan jinkiri a ido ba komai ba ne, amma ka tuna mita 28 a daƙiƙa. Daɗin daɗawa, abin da inji ya ƙi ragewa birki ne zai ɗauka, sai ya riƙa zafi yana cinyewa da wuri.

Hanya ta biyu, inji ya kurumce. Wasu masu saiti, don mai mota ya ji daɗi ya ce kai, yanzu ta tashi, sukan toshe kunnen ƙwaƙwalwar inji daga umarnin rage ƙarfi, ko su sa totur ya zama da an ɗan taɓa shi ya ba da ƙarfi mai yawa. A busasshiyar kwalta abin da daɗi. A kan laka ko tsakuwa kuwa, direba ya rasa taushin ƙafar da zai lallaɓa mota da shi, na'urar kuma tana kira ba a amsawa. Wannan ya fi muni, domin sau da yawa ba fitilar da za ta kama ta gargaɗe ka.

Hanya ta uku ita ce taka, Malam. Idan ƙwaƙwalwar inji ta ga abin da bai yi mata daidai ba, sai ta kunna fitilar nan mai hoton inji, wadda kanikawa ke kira cek. A motocin Toyota da yawa, da zarar wannan ta kama, na'urar hana santsi sai ta janye hannunta gaba ɗaya, ta kunna tata fitilar. Dalilinta kuwa mai kyau ne: tun da lissafin inji ya zama abin shakka, gara ta gaya maka ba ta aiki da ta yi aiki a kan ƙarya. Shi abin da aka cire maka a salansa matatar hayaƙi ce, kuma akwai sensa a gabanta da bayanta masu duba aikinta. Da aka cire ta, sensar baya ta kai rahoto, cek ta kama, VSC ta bi ta. A motocin Volkswagen ma, in sensar da ke auna iska ta lalace ko aka zare ta, fitilar ESP kan kama. Wato ranar da bayan motarka ya fizge a hanyar Gwaram, mai tsaron da ya kamata ya tare ta ya daɗe da gaya maka ya ajiye aiki. Fitilar da aka ce ka liƙe, sanarwarsa ce.

Hanya ta huɗu ita ce haɗe-haɗe. Inji ya buga, an sayo wani na gwanjo tare da ƙwaƙwalwarsa daga wata ƙirar ko wata shekarar. Ko famfon ABS ya lalace an ɗauko na wata mota an ɗaura ba a saita shi da kwamfuta ba. Filoginsu na iya shiga daidai, mota ta tashi lafiya, amma yaren da suke yi ya bambanta, kamar Bahaushe da Bature sun haɗu ba tafinta.

GA MAI MOTAR GAS

Kai kuma direbanmu na Gwaram, gas ɗin kansa ba shi ne matsala ba. In an yi aikin daidai, ana ƙara wata ƙaramar kwamfuta ce wadda ke bin umarnin ƙwaƙwalwar inji ta asali sau da ƙafa: in an ce a rage mai, ita ma ta rage gas. In haka ne, na'urar hana santsi tana nan da aikinta. Amma in ba a daidaita yawan gas ɗin da kyau ba, ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ko fulogi sun gaji inji yana tsallake wuta, sai cek ta kama, fitilar santsi ta biyo baya. Yadda ka ce taka tana zuwa tana tafiya, hakan alama ce ta saitin da bai zauna ba. Ka koma wurin da aka yi maka aikin su sake daidaita shi motar tana tafiya, ba a tsaye kaɗai ba. Ka kuma tuna tukunyar gas nauyi ce da aka ƙara a bayan mota, sai ka rage lodi gwargwadonta.

TO, MAGANAR SHAN MAI FA?

Mun san abin da ya kai ka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 har ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Kowa neman sauƙi yake. Amma gaskiya ɗaya ce. Cire matatar hayaƙi mai lafiya ba ya rage shan mai. Sai in ta toshe ne take danne inji, kuma maganin wannan shi ne a canja ta, a kuma nemo abin da ya toshe ta, galibi inji mai ƙona baƙin mai ko fulogi marasa kyau. Ka kuma sani, abin da ke cikinta yana ɗauke da ma'adanai masu tsada da ake saye da kuɗi mai kauri. Saboda haka duk wanda ya ba ka shawarar cirewa, ka tambaye shi ina za a kai abin da aka cire.

Haka nan alkawarin a ƙara ja kuma a rage shan mai lokaci guda, a yi hattara da shi. In aka rage man fiye da ƙima, inji kan yi zafi. In aka matsa taimin gaba da yawa, sai ya riƙa ƙwanƙwasa, musamman da lodi a zafin bazara. Garin neman gira kada a rasa ido. Abin da ke rage shan mai na gaskiya sananne ne: iskar taya daidai, matatar iska mai tsabta musamman lokacin hunturu da ƙura, fulogi masu kyau, barin tamostat a wurinsa maimakon cire shi, rage lodi, da rage gudu.

BA INJI KAƊAI BA

Tun da muna kan maganar, akwai wasu abubuwa da ke rikita wannan na'ura ko da ba a taɓa inji ba. In tayoyin gaba da na baya girmansu ya bambanta, ƙaramar za ta riƙa juyawa fiye da babbar, na'urar ta ɗauka santsi ne. In an yi alaimen, wato daidaita ƙafafun mota, ko an cire sitiyari, sensarsa na iya bukatar a sake nuna mata tsakiya da kwamfuta. Laka da ruwan damina kan ɓata sensar taya ko su tsinke wayarta. Ɗan makunnin fitilar birki da ke ƙarƙashin feda ma in ya mutu yakan kashe ta.

Sai babban abokin gaba, lodi. An lissafa na'urar ne a kan nauyin da kamfani ya ƙayyade, wanda ke rubuce a jikin ƙofar direba. In ka cire kujeru ka danƙara buhunan riɗi har rufi, ka ɗaure wasu a sama, nauyin ya koma baya ya kuma hau sama, gaban mota ya yi sakayau. Wannan wata mota ce daban, ba wadda na'urar ta sani ba.

ABIN DA ZA KA YI

Da farko, gobe da safe ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole fitilun cek da ABS da ta santsi su kama. In ka tayar, su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kama ba sam, to wataƙila an cire ƙwanta ko an liƙe ta daga ciki. Wannan gwaji ya kamata duk mai sayen mota ya yi shi kafin ya biya kuɗi.

Na biyu, ka san bambancin ƙyaftawa da tsayawa. In tana ƙyaftawa kana tafiya, na'urar ce ke aiki, tana ce maka hanya da santsi, ɗaga ƙafa. In ta tsaya cak a kunne, ba ta aiki.

Na uku, ka nemi mai gyaran da ke da kwamfutar duba mota. Akwai wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona ta, duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da ita. Ka sa ya rubuta maka lambar laifin a takarda kafin ya goge. Gogewa ba gyara ba ce, in ba a magance dalilin ba fitilar za ta dawo. Haka ma cire kan batir.

Na huɗu, a mayar maka da matatar hayaƙi, a kuma mayar da saitin kamfani. Nan gaba duk wanda zai taɓa ƙwaƙwalwar inji, ka yi masa tambaya biyu: ka ajiye saitin asali yadda za a iya mayarwa? Kuma bayan aikinka, inji zai ci gaba da amsa umarnin rage ƙarfi? In ya yi shiru ko ya ce wannan ba komai ba ne, ɗauki makullinka.

Na biyar, maɓallin kashe ta da ke wasu motoci yana da ranarsa. In ka kafe a yashi ko taɓo a hanyar gona, kashe ta na iya taimaka maka tayoyi su juya ka fita. Da ka hau hanya mai kyau sai ka mayar.

Kafin a gyara kuwa, motar za ta tafi, birkinta na yau da kullum yana nan. Sai dai ka tuƙa ta a matsayin motar da ba ta da mai tsaro: ka rage gudu tun kafin kwana ba a cikinta ba, kada ka fizgi sitiyari, ka rage lodi, in hadari ya haɗo ka dakata.

IYAKARTA

A ƙarshe, jama'a, kada wani ya ji wannan bayani ya ɗauka mai wannan na'ura ya fi ƙarfin haɗari. Ba ta ƙara wa taya riƙo, wanda ke akwai take rarrabawa. Turin da kwana ke yi wa mota ba ya tafiya daidai da gudu, ninkawa yake yi: in ka ninka gudu sau biyu, turin ya ninka sau huɗu. Daga kilomita 80 zuwa 100 kawai, ya ƙaru da fiye da rabi. Shi ya sa dokar hanya ta tsayar da ƙananan motoci da bas-bas a kan kilomita 80 a irin hanyoyinmu masu hannu ɗaya, kuma tun watan Fabrairu na 2017 Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Taya mai sanƙo kuwa, ba kwamfutar da za ta yi mata tsiro.

Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agusta na 2021 ba, lokacin da ruwa ya karya gada a hanyar Basirka, wata bas ta afka ciki, mutum 21 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Irin wannan ba na'urar da ke ganinsa. Maganinsa tambayar hanya kafin a tashi, da barin tafiyar dare da damina.

Saboda haka Malam, na'urar hana santsi da inji abokan aiki ne, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan. Kuɗin da za ka kashe ka mayar da motarka yadda take bai kai darajar abin da kuɗi ba ya mayarwa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Da fatan kai da abokinmu na Gwaram kun gamsu. Masu tambaya a kan taki da ajiyar hatsi, wasiƙunku sun iso, suna kan layi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.